Dunƙulallen Hannu a Goshin Jirgi

Yarjejeniyar da Verna Pruitt ta yi da 'yarta Corinne ba ta da wani tsawo. Daga Deltaville zuwa Beaufort ta Carolina ta Kudu, mako uku, Verna za ta tuƙa jirgin ruwanta Juniper ita kaɗai. Corinne za ta zauna a ciki, ta ci, ta sha, ta yi kallo, amma ko igiya ɗaya ba za ta taɓa ba. In sun isa haka, Corinne ta koma gidanta a Dayton ta ja bakinta ta yi shiru. In kuwa aka kai ga sai wani ya sa hannu, ko ita ko jirgin da ke jan wanda ya maƙale, to magana ta ƙare: a miƙa Juniper ga dillali, Verna ta tattara kayanta ta koma ɗakin da aka gyara mata a saman garejin 'yarta.

"Mama, shekarunki sittin da takwas fa," in ji Corinne ranar da suka yi maganar.

"Na san shekaruna. Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba."

"Jirgin nan na mutum biyu ne."

"To ki zo ki gani da idonki."

Juniper jirgi ne mai filafilan kama iska, tsawonsa ƙafa talatin da shida, kuma shi ne gidan Verna tun shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da ita da mijinta Harlan suka sayar da gidansu na kan tudu. Kowace kaka, da zarar dinya ta fara jerin gwano a sama, safiya ta fara cizon yatsu, sai su kwance igiya su bi ayarin jirage zuwa kudu ta hanyar ruwa ta cikin ƙasa, kogi ya ba rafi, rafi ya ba yankakkiyar hanya, har Florida. Bana ma ayarin ya tashi kamar kullum. Harlan ne kawai babu. A watan Agusta yana wanke jirgin, sai ya zauna a bakin katakon tashar jirage da tiyo a hannunsa, bai ƙara tashi ba. Verna ta je ta kashe famfo, sannan ta kira motar asibiti. Ba ta yi kuka ranar ba, ba ta yi wajen jana'iza ba. Ta yi ta jiran kukan kamar mai jiran baƙo, har ta gaji ta daina.

Tafiyar dai ta yi ta tafiya. Sunan jirgi mai filafilai ne, amma kowa ya san a wannan hanya inji ake bi, filafilan suna naɗe galibin kwanaki. Verna takan tashi kafin rana, ta dafa kofi, ta duba man inji, ta ɗaga anka, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Jar alama a dama, koriya a hagu, ido a kan agogon zurfi. Corinne tana zaune a kusurwa cikin rigar sanyin babanta, ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta don kada su yi mata gaban kansu. Ganyen bishiyoyin bakin ruwa sun yi ja sun yi rawaya, masu wasu jiragen sai ɗaukar hoto suke yi. Verna ta kalla, ta ga ganye ne.

A kwana na tara suka iso wata gada mai juyawa, wadda ba a buɗe ta sai kan awa. Kullum Harlan ke kiran mai gadar a oba-oba, kullum kuma sai sun tsokani juna kan ƙwallon kwando. Verna ta ɗauki oba-oban.

"Mai gada, Juniper ne, mun nufi kudu, muna jiran buɗewar ƙarfe goma."

"A'a'a! Juniper! Ashe kuna nan da ranku. Madam, yau ke ce da magana? Ina tsohon mai taurin kan nan? Ce masa 'yan wasansa sun sake shan kashi, ya fito ya ji da kunnensa."

"Ya rasu a watan Agusta," in ji Verna. "Muna jiran ta ƙarfe goma."

Corinne ta juya fuskarta wajen ruwa.

"Allah ya jiƙansa," in ji mai gadar a ƙarshe, muryarsa ta koma ƙasa. "Ki taho a hankali, Kyaftin. Ba sauri."

Bayan sun wuce ya bar gadar a buɗe na ɗan lokaci, babu wani jirgi a bayansu, motoci sun yi layi suna ta ham. Verna ta gane abin da yake nufi. Ta ɗaga masa hannu don haka ya kamata, ta laluba cikin ƙirjinta ko za ta ji wani abu, ba ta ji komai ba. Ta ce wa Corinne ta miƙo mata biskit, sai ta tuna da sharaɗi, ta tashi ta ɗauko da kanta.

Abin da kowa ya zaci zai kayar da ita shi ne jefa anka, don aikin mutum biyu ne: ɗaya a sitiyari, ɗaya a goshin jirgi. Mu mutanen ruwa ba mu da wani abin kallo da yamma da ya wuce wannan. Ka zauna da kofinka ka ga sabon jirgi ya shigo, miji a sitiyari, mata a gaba, iska tana kwashe magana.

"Na ce ribas!"

"Me?"

"Ribas, kurma!"

Kafin anka ya kama ƙasa an tono laifin shekara goma, rafi gaba ɗaya ya ji. Amma Verna da Harlan, ina! Faɗa kam suna yi, a kan gishiri, a kan taga, a kan wanda ya bar murfin man goge baki. Sai dai wajen anka ba wanda ya taɓa jin muryarsu. Verna tana tsaye a goshi, bayanta gare shi, ko waiwaye ba ta yi. Ta nuna hagu, jirgi ya yi hagu. Ta dunƙule hannu ta ɗaga, ya cire giya. Ta jefa babban yatsa ta kan kafaɗa, ya sa ribas. Ta ja hannu a maƙogwaro, inji ya mutu. Shekara goma sha tara suna haka, kuma suna ji da abinsu ba kaɗan ba.

Yanzu sai ta koya wa kanta sabon tsari. Ta rage gudu, ta cire giya da hannunta, ta jira jirgin ya tsaya cak, ta taka zuwa gaba, ta saki anka, ta dawo ta sa ribas. Kwana goma sha tara tana yin haka ba kuskure. Corinne ma ta fara sassautowa. Daren jiya har ta ce, "Kin iya abinki, Mama," da murya irin ta wanda aka ƙwace wa wani abu.

A kwana na ashirin, saura yini ɗaya su isa Beaufort, suka shiga rafin Tansy wajen ƙarfe ɗaya na rana. Kowace shekara nan suke kwana, don yankakkiyar hanyar da ke gaba ba ta da zurfi, sai da cikar ruwan safe ake bin ta. Ruwa yana janyewa, kamar yadda ruwan bakin teku ke yi sau biyu a rana. Ciyawar fadama ta yi launin zuma har iyakar gani, warin laka ya tashi. Verna ta danna na'urar da ke riƙe sitiyari don ta zuba sauran kofi, inji yana tafiya a hankali cikin giya. Sai ga mataccen itacen nan a gefen dama, wanda kwasakwasa ke sauka a kai. Shekara goma sha tara, da zarar itacen nan ya zo daidai kafaɗarta, takan ajiye kofi ta nufi gaba.

Ta ajiye kofi ta nufi gaba.

Wallahi ba mantuwa ba ce irin ta tsufa, kada wani ya ce haka. Ƙafafunta ne suka san hanya suka tafi. Ta tsaya a goshi, ta kwance ankan, ta duba ruwa. Rafin yana lanƙwasa hagu a nan, sai ta miƙa hannun hagu. Jirgi bai juya ba. Ta ƙara miƙawa, da ɗan haushi. Tudun laka yana matsowa. Ta dunƙule hannu ta ɗaga sama. Inji bai sauya murya ba. Ta ƙara ɗagawa, ta girgiza shi.

"Harlan!"

Ihun ya ratsa fadamar, balbelu suka tashi. Ta juyo. Sitiyari yana ɗan motsi shi kaɗai. A gefensa, taku ɗaya daga sandar giya, Corinne tana zaune, ta zaro hannu ɗaya daga ƙarƙashin cinyarta ta ɗaga. Ta zaci gaisuwa ce uwarta ke yi mata, tana mayarwa, har da ɗan murmushi wanda bai gama gushewa ba.

Juniper ya hau laka a hankali, ba ƙara ba komai, kamar an tura cokali cikin kunu mai kauri. Ya tsaya.

Verna ta dawo baya, ta cire giya, ta gwada ribas sau biyu. Laka kawai ta tashi. Ta kashe inji.

"Mama..."

"Kar ki taɓa komai."

"Mama, kin kira..."

"Na ji abin da na kira."

Ta sauke ƙaramin kwalekwalensu, ta ɗora ankan a ciki, ta tuƙa zuwa tsakiyar rafi inda akwai zurfi, ta jefa shi, ta dawo ta ɗaure igiyar tamau. Duk wannan ita kaɗai, Corinne tana kallo tana cizon leɓe. Daga nan ba sauran aiki sai jira. Ruwa zai yi awa biyu yana janyewa, ya yi awa biyu yana dawowa.

Jirgin ya fara kishingiɗa. A ƙasa tukwane suka fara zamewa, wani kofi ya faɗi ya fashe. Kafin ƙarfe uku Juniper yana kwance a gefensa, sandar filafilai tana nuna fadama, cikinsa a waje kowa na gani. Verna ta buɗe akwatin baya, ta ciro takalman roba na Harlan, da bokiti, da buroshi mai dogon hannu. Ta sauka kan tudun. Wurin laka ce haɗe da yashi, ta nutse zuwa ƙwauri ta tsaya. Ta fara goge gansakukar cikin jirgin.

"Me kike yi, don Allah?" in ji Corinne daga sama, tana riƙe da waya don kada ta zame.

"Wanke jirgi."

"Yanzu?"

"In ka hau laka, sai ka sauka ka yi wanki. Mai wucewa ya ce da gangan ka yi. Haka ake yi. Haka ubanki yake yi."

"Wa zai yarda?"

"Ba wanda ya taɓa yarda."

Ba a daɗe ba sai ga wani mai kamun kaguwa ya shigo da ƙaramin jirginsa, dattijo da hular kwano da rigar leda. Ya rage gudu don kada igiyar ruwansa ta buga su, ya tsaya yana kallo, yana tauna wani abu.

"Sannu da aiki, Madam. Wanki ake yi?"

"Wanki ake yi."

"Kin ko zaɓi wuri. Bara ma wani likita daga New York ya zo nan daidai ya yi nasa wankin. Shi har kwana biyu ya yi, don tsabta." Ya tofar da abin bakinsa. "In ruwa ya dawo in zo in ɗan ja ku? Iskar arewa za ta taso kafin magariba, za ta danna ku kan tudun nan."

"Mun gode. Muna lafiya."

Ya dubi Corinne, ya dubi Verna, ya taɓa hularsa. "Kin bar wani wuri can wajen baya," ya ce, ya ja jirginsa.

Verna ta je ta goge wurin. Da ta gama ta hau, ta zauna kusa da 'yarta a gefen da ke sama, ƙafafunsu a tokare da benci. Laka ta bushe a hannayenta. Sanyi ya fara shigowa. Ƙananan kaguwa suna ta kai da kawowa a kan tudun.

"Ba zan lissafa wannan ba," in ji Corinne. "Ba wanda ya sa miki hannu. Kowa yana hawa laka, ke kika faɗa min."

"Kowa yana hawa."

"To."

"Ba kowa ke barin sitiyari ga mamaci ba."

Corinne ta share hanci da hannun rigar babanta. "Ni ban san me ake nufi ba. Na ga kin ɗaga hannu, na ce yau Mama ta kalle ni. Mako uku ke nan, Mama. Na ji daɗi, shi ya sa na ɗaga." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Me dunƙulen yake nufi?"

"Cire giya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sandar nan, ki dawo da ita tsakiya."

Corinne ta kalli sandar. Da ta miƙa hannu ko ba ta tashi ba za ta kai.

"Sauran fa?"

Verna ba ta yi niyyar faɗa ba, amma hannunta ya riga ya tashi. Ta nuna mata hagu, ta nuna dama, tafin hannu gaba, yatsa ta kan kafaɗa, hannu a maƙogwaro. Corinne tana kwaikwaya da nata hannun, tana kuskure, Verna tana gyara mata da tsaki. Ba ta taɓa koya wa kowa ba. Ita da Harlan ma ba zama suka yi suka tsara ba, haka abin ya taru da kansa.

Ruwa ya dawo kamar yadda ya saba, yana lasar laka kaɗan-kaɗan. Wajen ƙarfe biyar Juniper ya yi nishi ya miƙe. Iskar da dattijon ya faɗa ita ma ta iso, mai sanyi, tana kwantar da ciyawa, tana tura jirgin kan tudun da ya baro. Igiyar anka ce kaɗai ke riƙe da shi, ta miƙe kamar tsirkiya.

Verna ta tada inji ta tsaya tana auna abin. Ba za a kwana a nan ba, in ruwa ya sake janyewa za su sake kwanciya, wannan karon cikin duhu. Dole a ɗaga ankan a matsa ciki. Amma da wannan iska, sai wani ya tura jirgin gaba da inji yayin da wani ke janye igiya a goshi, kuma da zarar ankan ya saki ƙasa, sai an juya nan take. Daga goshi zuwa sitiyari taku goma sha biyu ne. Ta ƙirga su sau da yawa a makonnin nan. Iskar ba za ta ba ta ko biyar ba.

Tana iya gwadawa. Mai yiwuwa ta ci sa'a, gobe ta shiga Beaufort ta ɗaure igiya, Corinne ta hau jirgin sama. Sannan ta wuce Georgia, ta wuce Florida, kowace yamma ta cire giya da hannunta, ta taka zuwa gaba, ta kama bakinta da hannunta kada su sake yi mata abin yau. Ta hango duk wannan sarai, ba tsoro ta ji ba, ba baƙin ciki ba. Gajiya kawai.

"Corinne. Tashi ki kama sitiyari."

Corinne ba ta motsa ba. "Mama, in na taɓa..."

"Na san abin da muka ce. Da bakina na faɗa."

"Na ce ba zan lissafa ba."

"Ni zan lissafa. Gobe ki kira dillalin. Tashi, rana tana faɗuwa."

Corinne ta tashi. Ta kama sitiyarin da hannu biyu kamar zai gudu, idonta ya cika.

"Ki bar kallon ruwa, ki bar kallon tudu," in ji Verna. "Hannuna kawai za ki kalla. Kuma kar in ji bakinki."

Ta taka zuwa goshi, takalman Harlan suna yi mata yawa. Ta tsaya, ta ba 'yarta baya, ta kama igiya. Ta miƙa tafin hannu gaba. Inji ya shiga giya da ɗan gigita, jirgin ya fara matsawa, igiya ta yi sako-sako, ta shiga janyewa tana tarawa a ƙafafunta. Ta nuna dama, goshi ya yi dama, ya ɗan wuce, ya dawo. Igiya ta ƙare, sarƙa ta fara hawowa da laka. Da sarƙar ta miƙe tsaye, Verna ta dunƙule hannu ta ɗaga.

Inji ya sauke murya.

Nan take, ba jinkiri, daidai yadda ya saba. Sautin ya bi ta tafin ƙafarta ya hau har maƙogwaro, ya tsaya a nan. Baƙon da ta daina jira tun watan Agusta ya zaɓi wannan lokacin, ga anka a rataye, ga iska, ga aiki a gabanta. Ta bar shi ya zubo, don ba ta da hannun sharewa. Ta fizge ankan daga ƙasa, ta nuna hagu, jirgi ya yi hagu, suka shiga tsakiyar rafi.

A wurin da suka saba kwana ta sake dunƙule hannu, aka amsa mata. Ta saki anka, ta jefa yatsa ta kan kafaɗa, aka amsa mata. Sarƙa ta miƙe, ankan ya kama. Saura alama ɗaya, hannu a maƙogwaro, inji ya mutu, ta juyo ta ga wanda ke tsaye a sitiyari.

Ba ta yi ba tukuna. Ta ci gaba da tsayuwa a goshi, bayanta ga jirgin, inji yana ta bugawa a hankali yana jiran hannunta. Corinne kuwa, yadda aka ce mata, ba ta ce komai ba.